Giram Ɗari Tara

Ɗalibansa na kwaleji ba sa kiransa da komai sai Malam Kimanin. Ƙididdiga yake koyarwa, wato ilimin tattara lambobi da yi musu tambaya, kuma aikin ya shiga jininsa har ba ya iya faɗin lamba tsirara. Ka tambaye shi nisan gidansa daga makaranta, ya ce kimanin kaza. Ka tambaye shi ko ya ƙoshi, ya ce kimanin. Dogo ne siriri, mai tabarau mai kauri, kullum da farin alli a hannun rigarsa.

Matarsa tela ce, kayan yara take ɗinkawa a wani ɗan ɗaki da ke gindin matakalar benen da suke haya. Sun daɗe tare babu haihuwa. Ta ɗinka wa 'ya'yan unguwar riguna har waɗansunsu suka girma suka kawo mata awon nasu 'ya'yan. Dangi sun yi ta tambaya har sun gaji, su ma sun daina zancen a tsakaninsu, sai dai in an kawo ɗinkin jariri yakan ga ta daɗe tana shafa yadin kafin ta sa masa almakashi. Sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa sannan cikin ya zo.

Cikin bai cika watanninsa ba. Wata safiya tana kan keken ɗinki ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin wuta-wuta, ƙafafunta kuwa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A asibiti likitoci suka ce jininta ya yi hawan da ba a jira da shi, aka wuce da ita ɗakin tiyata. Aka ciro 'ya mace, bakwaini. Uwar aka kai ta wani ɗaki a hawan sama, ba ta san inda kanta yake ba. Jaririyar kuma aka sauko da ita ɗakin jarirai marasa ƙwari.

Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke ce wa Sista, gajeriya ce kakkaura, mai muryar da ba ta buƙatar a ɗaga ta. Ta sa shi ya cire takalmi da agogo, ya wanke hannu har gwiwa, ya sake wankewa don ta ce na farkon wasa ne, sannan ta ɗaura masa wata koriyar riga ta baya ta tura ƙofa. Ɗakin da ɗumi kamar an rufe mota a rana. Akwatunan gilashi ne jere a jikin bango, waɗanda mutane ke kira kwalba, kowanne da na'urarsa tana ƙara a hankali, tin, tin, tin.

Ta tsaya gaban ɗaya ta ce, "Ga taka nan."

Malam ya sunkuya. Da farko tawul ya gani da wayoyi da wani siririn bututu. Sai tawul ɗin ya motsa. Fatarta ja ce, sirara, har yana ganin jijiyoyi a ƙarƙashi kamar shuɗin zare. Hular da aka sa mata ko lemo ba za ta rufe ba. Tafin ƙafarta bai kai gaɓa ɗaya ta babban yatsansa ba, amma ga yatsu biyar a jikinsa, kowanne da farcensa, babu wanda aka manta. Ƙirjinta na hawa yana sauka da sauri irin na ɗan tsuntsu.

Sista ta karanto masa abin da ke jikin kwalbar. "Kwalba ta bakwai. Makin lafiyarta da aka ciro ta huɗu ne cikin goma, daga baya ya hau. Zafin jiki talatin da shida da ɗigo biyu. Nauyi giram ɗari tara."

Bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce, "Kimanin?"

Ta dube shi ta saman tabarunta. "A nan ɗakin babu kimanin, Baban ta bakwai. Ɗari tara cif."

Ya fito ya zauna kan dogon bencin da ke baranda. A nan babbar yayarsa ta same shi. Ita ta goya shi, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, saboda haka har gobe Auta take ce masa, kuma babu maganar da take taunawa kafin ta gaya masa. Ta zo da fulas ɗin shayi da bargo da tabarma, kamar mai shirin tarewa.

A ɗaya ƙarshen bencin akwai wani ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, direban tifa, wanda ɗansa ke kwalba ta biyu ƙarƙashin shuɗiyar fitila saboda ciwon shawara. Kafin shayi ya huce Yaya ta riga ta san komai game da shi, har da cewa ɗan nasa maki takwas ya samu da aka haife shi. Sai ta juyo ta kama hannun Malam, idonta ya kawo ruwa.

"Auta, ka ji? Nasa takwas, tamu huɗu. Rabin lafiyar nasa ke nan aka ba ta. Kuma shi an sa shi na biyu, ita ta bakwai, can ƙarshen layi."

Direban ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi rabon.

Malam ya buɗe baki don ya lallashe ta, sai ya ji abin da ya fito darasin makon farko ne na ɗaliban aji ɗaya, wanda ya maimaita har ya daina jin kansa in yana faɗi.

"Yaya, lambobi ba duka ne jinsi ɗaya ba. Bakwai ɗin da ke jikin kwalba suna ne kawai. Da an rubuta mata ja ko kore, daidai ne. Ba ta fi ta shida ba, ba ta kasa ta takwas ba."

Direban ya ɗago. "Kamar lambar mota ke nan. Tawa ta fi ta maigidana yawa, amma tasa ce sabuwa."

"Yauwa. Makin kuma jeri ne. Yana gaya maka takwas na gaban huɗu, gaskiya ne. Amma bai ce takwas ninkin huɗu ba ne. In yara sun yi tsere, na ɗaya yana iya riga na biyu da taku guda, na biyu kuma ya bar na uku tun a kwana. Jeri ya san wanda ke gaba, bai san tazarar ba. Saboda haka babu wanda ya auna lafiya ya ba ta rabi."

Yaya ta share ido da gefen mayafi. "To ai gara da ka faɗa. Duk shekarun nan da kake wannan karatu, yau ne na ga ya yi wa wani amfani."

Direban ya fashe da dariya, har Sista ta leƙo ta ɗora yatsa a baki. Malam ma ya yi murmushi, kuma ya yi mamakin yadda maganar ta ɗan sassauta masa ƙirji, alhali don Yaya ya yi ta.

Kwanaki suka fara tafiya a kan bencin nan. Malam ya ɗauki hutu daga kwaleji. Da safe ya hau sama ya ga matarsa, wadda ta farfaɗo amma jinin nata ya ƙi sauka, likitoci suka hana ta ko zama a bakin gado. Kullum tambayarta ɗaya ce, "Da wa ta yi kama?" Shi kuwa a idonsa yarinyar ba ta kama da kowa da ya taɓa gani a duniya. Sai ya ce mata hancin na uwar ne, ta yi murmushi ta rufe ido. Nas ta taimaka mata ta tatsi 'yar madarar da ta samu a ƙaramin kofi, ya sauko da ita yana riƙe da hannu biyu, Sista ta zuƙa a sirinji ta ɗiga wa jaririyar ta bututun.

Shi da direban suka zama abokan benci. Direban mutum ne mai son jin dalilin abu. Wata rana da hantsi ya dawo daga leƙa ɗansa ya zauna yana lissafi da yatsu.

"Malam, na ga an rubuta wa yaron talatin da bakwai. Injin tifata in ya yi aiki sosai yana kai casa'in. Ashe zafin injina ya ninka na mutum sau biyu da wani abu."

"A'a. Casa'in ya ɗara talatin da bakwai da digiri hamsin da uku, wannan kana iya faɗa, don tazarar digiri ɗaya ce ko'ina. Amma ninki ba ya yiwuwa."

"Don me? Ai ba jeri ba ne wannan."

"Don sifilinsa. Sifilin ma'aunin zafi ba wurin da zafi ya ƙare ba ne. Mutane ne suka zauna suka ce inda ruwa ke daskarewa, mu kira shi sifili. Ƙasa da shi akwai sauran lambobi, injin ƙanƙara na kaiwa can. Akwai ma ƙasashen da suka sa nasu sifilin a wani wuri daban. In ba ka fara ƙirga daga babu ba, ba ka da bakin cewa ninki."

Direban ya daɗe yana sosa gemu. "To ashe sifilin aro ne."

Malam ya cire tabarau ya dube shi. "Wallahi ka ba shi suna mai kyau. Sifilin aro."

"Amma ni na san na gaskiya," in ji direban, ya gyara zama. "In na hau sikelin motoci a wurin ɗibar yashi, sai su cire nauyin motar. In allon ya nuna sifili, to babu yashi. Ba wai kaɗan ba. Babu. Ka hau bayan motar ka share da tsintsiya ba za ka samu ba. In kuma na ɗauko tan goma, gobe na ɗauko ashirin, ninki ne, ko tayoyina sun sani."

"Shi ne jinsi na huɗu a lambobi," in ji Malam. "Suna, jeri, tazara, sai wannan. Nauyi, tsawo, yawan abu. Shi kaɗai ne yake farawa daga babu."

Yaya, wadda ke kan tabarma tana ninke kayan wanki, ta ce, "Ku dai ku yi ta yi. Maza biyu da gemu, kun zauna kuna gardama a kan babu."

Suna cikin haka Sista ta fito da sakamakon awon safe. Ɗan direba shawararsa na washewa, nan ba da daɗewa ba za a sallame su. Ta bakwai kuma ta sauka zuwa giram ɗari takwas da arba'in.

"Kada ka damu," in ji ta. "Duk jarirai suna raguwa a farko kafin su fara hawa."

Ya gyaɗa kai. Ya san haka, ya ma taɓa ba ɗalibai misali da shi. Amma maganar da ya gama faɗa wa direba yanzu ta juyo kansa. Wannan ce lambar da sifilinta ba na aro ba ne. Kuma ita take sauka. Ya tashi ya tafi ƙarshen baranda ya tsaya gaban taga yana kallon wurin ajiye motoci, bai ga mota ko ɗaya ba. Yaya ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da ninke kayan wankinta.

Washegari da la'asar aka yi ruwan sama mai ƙarfi, garin ya yi sanyi, iska na shigowa baranda har Yaya ta yafa bargo. Malam na zaune sai ya ji ƙarar wata na'ura ta canza daga tin, tin zuwa kuka mai tsawo. Ya ga nas biyu sun wuce da sauri. Jim kaɗan Sista ta buɗe ƙofa.

"Baban ta bakwai. Wanke hannu. Yanzu."

Abin da ke ɗumama kwalba ta bakwai ne ya lalace. An kira mai gyara, yana ɗaya ginin, sauran kwalaben kuwa duk da jarirai a ciki. Kafin a ankara jikin yarinyar ya fara sanyi. Sista ta nuna masa lambar a kan allon: talatin da biyar da ɗigo ɗaya.

"Uwarta ba ta iya saukowa," ta ce. "Zauna a kujerar nan. Cire riga."

"Riga?"

"Da singiletin. Kai ne kwalbarta yau."

Bai taɓa ɗaukarta ba. Yatsa ɗaya kawai ya taɓa zurawa ta ƙofar kwalbar ya shafi bayanta. Ya ce, "Sista, hannuna na rawa. Zan iya ji mata ciwo. A kira yayata, ita ta saba da yara."

"Yayarka na tari tun jiya, ina jin ta daga nan. Ba hannunka nake so ba, ƙirjinka nake so. Zauna."

Ya zauna. Ya kwance maɓallan rigarsa da ƙyar. Nas biyu suka ciro ta a hankali, ɗaya na riƙe da jikinta, ɗaya na riƙe da bututun iska da wayoyin don kada su fizge. Suka kwantar da ita a tsakiyar ƙirjinsa, cikinta a kan fatarsa, kanta a juye gefe ƙarƙashin haɓarsa, ƙafafunta a naɗe kamar na kwaɗo. Sista ta ɗaure su tare da wani faffaɗan ƙyalle, ta lulluɓa musu bargo, ta ɗora tafin hannunsa a bayan yarinyar. Tafin ya rufe ta daga wuya har ƙugu.

Sanyinta ne ya fara ji. Kamar an ɗora masa ɗan ƙaramin kofi da aka ciro daga ruwa. Sai motsin numfashinta. Sai, can ƙasa da wannan, wani bugu mai sauri, ɗif-ɗif-ɗif-ɗif, a kan nasa bugun mai nauyi. Ya ƙi yin numfashi sosai don kada ya girgiza ta, har Sista ta ce, "Numfasa, bawan Allah, kada mu samu marasa lafiya biyu."

Ya kafe idonsa a kan allon. Talatin da biyar da ɗigo ɗaya. Lambar ta tsaya kamar an kafa ta da ƙusa. A waje ruwa na dukan kwano. Yana jin muryar Yaya a baranda tana addu'a ƙasa-ƙasa, da muryar direba mai kauri yana amsa mata da amin.

Ɗigo biyu.

Sau nawa ya zana ma'aunin zafi a allon aji, ya ja layuka daidai wa daida, ya ce tazarar ɗaya ce ko'ina, yana hamma a ciki? Yau ga ɗigo ɗaya, kashi ɗaya cikin goma na digiri guda, kuma daga jikinsa ya fita ya shiga nata. Bai yi komai ba. Bai san yadda ake yi ba. Shayin da ya sha da burodin da ya ci da safe ne suka zama ɗumi a jininsa, ɗumin ya ratsa fata biyu, ya je ya zama lamba a kan allo. Ɗigo uku. Ɗigo biyar.

Yarinyar ta motsa. Hannunta ya fito daga ƙarƙashin ƙyallen, ya lalubi fatarsa, yatsun suka kama gashin ƙirjinsa guda biyu ko uku suka riƙe. Riƙon har da ɗan zafi.

A lokacin ne ya ji nauyinta sosai. Giram ɗari takwas da arba'in, bai kai littafin da yake shiga aji da shi ba. Tun jiya lambar ke tsorata shi, don yana kallonta ta gefen da take sauka. Yanzu da take kwance a kansa sai ya kalle ta ta ɗaya gefen. Bara war haka, da an ɗora wannan yarinya a sikeli, sifili za a gani. Ba na aro ba. Babu ita a ko'ina, ba a sama ba, ba a ƙasa ba, ba kaɗan ba. Duk shekarun da shi da matarsa suka yi suna cin abinci su biyu a ɗaki shiru, nauyinta sifili ne na gaskiya. Daga wannan babun aka fara, ɗigon da ido ba ya gani, aka yi ta ƙari a cikin duhu, ba da saninsa ba, ba da lissafinsa ba, har aka yi zuciya mai bugawa, aka yi farce, aka yi hannun da ke jan gashin ƙirjinsa. Ya yi ƙoƙarin ya lissafa sau nawa ɗari takwas da arba'in ta ninka sifili, sai ya tuna abin da yake gaya wa ɗalibai, cewa wannan lissafin ba shi da amsa. Yakan faɗe shi a matsayin doka, a kiyaye don jarrabawa. Bai taɓa sanin abu ne da zai sa mutum ya ji kamar ya tsaya a bakin teku ba.

"Ikon Allah," ya ce, ba da niyya ba. "Ikon Allah."

Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau, ya rasa hannun sharewa, ɗaya na bayan yarinyar, ɗaya na riƙe da bargo. Sista ta zo ta cire masa tabarun ta goge da gefen rigarta ta mayar masa, kamar wannan ma yana cikin aikinta.

"Talatin da shida da ɗigo huɗu," ta ce. "Ka fi kwalbar aiki."

Mai gyara ya zo ya canza abin da ya ƙone, kwalbar ta dawo da ɗuminta, amma Sista ba ta yi saurin mayar da ita ba. Ta ce yarinyar ta yi barcin da ba ta taɓa yi ba, a bar ta. Malam ya zauna haka har ruwan ya ɗauke, bayansa ya ƙage, ƙafarsa ta mutu, bai ko gyara zama ba.

Da ya fito, Yaya ta dube shi sama da ƙasa. Ya sa maɓallan rigar a karkace, ɗaya gefen ya fi ɗaya tsawo.

"Auta," ta ce, "ni na goya ka a baya, kai ka goya taka a gaba." Sai ta fara kwance maɓallan tana gyara masa kamar yaron da za shi makaranta, shi kuma ya tsaya ya bar ta.

Daga ranar Sista ta sa abin ya zama na kullum. Yakan zo da hantsi ya cire riga ya zauna, a ɗora masa ita. An sallami ɗan direba, direban ya rungume Malam har ƙashinsa ya yi ƙara, ya ce in Allah ya yarda zai riƙa leƙowa, kuma ya cika alkawari, yakan ajiye tifar a can bakin titi ya shigo da ƙurar yashi a gira ya tambayi awon safe. Nauyin ya tsaya da sauka. Ya ƙara giram goma, ya ƙara ashirin, wata rana ya ƙi motsi, wata rana ya yi tsalle.

Ranar da jinin matarsa ya daidaita, shi ya turo ta a keken marasa lafiya har gaban kwalba ta bakwai. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ta harare shi da jajayen idanu.

"Ka ce hancina ne. Wannan ai naka ne, dubi tsawonsa."

Aka ɗora mata ita a ƙirji. Malam ya tsaya gefe yana gaya mata yadda za ta sa hannu, inda kan yake son kwanciya, yadda yarinyar ke tsorata in an yi tari. Matar ta ce, "Ji shi, ya zama ungozoma." Amma ta bi duk abin da ya ce. Kafin su koma sama ta ciro tef ɗin awonta daga jaka, ta roƙi Sista ta goge shi da magani, ta auna ƙirjin yarinyar da tsawon hannunta. Ta kalli abin da tef ɗin ya nuna ta girgiza kai. Ta ce a duk rayuwarta ta ɗinki ba ta taɓa yanka yadi ƙanƙane haka ba, sai dai na 'yar tsana.

Makonni suka shige. Aka cire bututun iska, daga baya aka cire na abinci, yarinyar ta koyi tsotso. Fatar ta yi kauri, jijiyoyin suka ɓuya, kumatu suka fara fitowa. Wata safiya Sista ta ɗora ta a sikeli, ta jira lambar ta tsaya, ta ce kilo ɗaya da giram ɗari takwas. Yaya ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Auta, wannan fa? An yarda mu ce ta ninka, ko shi ma akwai doka?" Ya ce mata an yarda. Ta yi guɗa ƙasa-ƙasa a cikin mayafi don kada Sista ta kore ta.

Ba a daɗe ba aka sallame su. Suka hau matakalar benensu a hankali, matar na gaba da yarinyar a cikin wata 'yar riga mai ruwan ƙwai da ta ɗinka a gadon asibiti da allura da zare, Malam na baya da jakunkuna, Yaya na bayansa tana ba kowa umarni. Ɗakin na nan yadda aka bar shi, da ƙura a kan tebur da kofi biyu a wurin wanke-wanke. Ya buɗe tagogi, matar ta ce ya rufe, iska za ta taɓa ta. Ya rufe. Ya shiga kicin ya ɗora ruwan zafi.

Yana tsaye gaban murhu ya ji kukan. A asibiti kukanta kamar na 'yar kyanwa ne, sai ka kai kunne. Wannan kuwa ya cika ɗakin, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ya bi matakala. Ya ji an ƙwanƙwasa. Tsohon da ke haya a ƙasansu ne, mai gyaran rediyo, wanda ya yi suna a benen wajen faɗa in an ja kujera da ƙarfi. Yana tsaye da sukudireba a hannu, yana haki don hawan.

Malam ya fara ba da haƙuri. "Baba, yi haƙuri, yunwa ce, yanzu za ta yi shiru."

Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya karkata kai wajen ƙofar ɗakin, ya saurara, bakinsa a ɗan buɗe.

"Kada ku hana ta," ya ce. "Daga ƙasa ban ji sosai ba, shi ya sa na hau."

Malam ya jawo masa kujera. Tsohon ya zauna a bakin ƙofa, ya ɗora sukudireban a cinya, su biyu suka yi ta sauraro, har butar ta tafasa ta fara zuba a kan murhu, Yaya ta fito tana tambaya ko babu mai hankali a gidan.